Kibiyar Mararrabar Bessière

Valcombre, 2 ga Oktoba

Tata Ghislaine,

Ni ce na juya kibiyar. Ban faɗa wa kowa ba, ke ce ta farko. Na zaɓe ki ne don kina can Guyane a bakin kogi, ba za ki haɗu da kowa a kantin kofin Huguette ba.

Yi haƙuri, ban ma gaishe ki ba. Ina fata kina lafiya, ke da matan da kike karɓar haihuwarsu. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Papa ta yi sauƙi, Maman tana ta fama da aikin cuku, ni kuma na shiga sabon aji. Na san ba mu saba sosai ba. Sau biyu na taɓa ganinki, na biyun ranar da aka binne kakata Mamie Léonie. Ranar ce kika ce mini ke 'yar ƙanwarta ce, in riƙa kiranki Tata, wato goggo, kika rubuta mini adireshinki, kika ce in rubuto in ina so. To ga shi na rubuto.

Bari in fara daga farko. Lahadin ƙarshe ta Satumba ne kulob ɗin keken dutse na garinmu yake yin babban zagayensa. Bana mutum ɗari uku da goma suka zo, har daga Lyon. Papa ne shugaban kulob, shi ke tsara hanya. Ranar Asabar muke kafa kibiyoyi a duk inda hanya ta rabu, na roba ne masu ruwan lemo, a kan 'yan sanduna. Bana Papa ya buɗe sabuwar hanya ta cikin dajin Bessière. Wata biyu ya yi yana sare sarƙaƙiya yana gyara kwanonin hanyar, ba shi da wata hira a gida sai tata.

Ran Lahadi da ƙarfe bakwai na safe ya tura ni in duba kibiyoyin daga gada zuwa mararrabar Bessière, don ina da sauri kuma ba na tsayawa surutu. Da na isa mararrabar, kibiyar tana nuna hagu, cikin daji. Na cire sandar na juya ta dama, wajen tsohuwar hanyar amalanke da ke gangarawa ta haɗu da kwalta. Na sha bin ta. Na ɗauka kilomita huɗu kawai za su rasa, su ci burodi da cukunsu su koma gida.

Abin da ban sani ba shi ne tsoho Anselme ya mayar da tumakinsa can ranar Alhamis, ya ja waya ya tare hanyar daga ƙasa, bayan wata kwana. Gonarsa ce, kuma an gaya masa ba ta nan za a bi ba. Mutum uku na gaba, masu gudun nan da ba sa ɗaga kai, suka gangaro. Na farkon, wani likitan haƙori daga Clermont, ya shiga wayar. Ya karya kafaɗa, haƙoransa biyu suka zube. Huguette ta ce ko ba komai ya san inda zai kai su. An yi dariya, ni ban yi ba.

Nan da nan wani ya mayar da kibiyar daidai, sauran duka suka bi ta dajin. Ke nan abin da na yi ma a banza ya tashi.

Yanzu kowa ya ce Anselme ne. Shekara biyu da suka wuce ya taɓa gicciya gungume a hanya, kuma in masu keke sun wuce yakan kira su 'yan wandon roba. Ga kibiya an juya, ga wayarsa a ƙasa. Jandarma sun je gidansa sau biyu. Jiya muna cin abinci Papa ya ce, "Tsohon nan sai ya kashe mutum hankalinsa zai kwanta." Maman ta dube ni ta ce, "Ke kuma ci mana, kin tasa miya gaba kamar za ki yi mata tambaya." Papa ya ce, "Ƙyale ta, ai haka take tun da aka haife ta."

Kada ki tambaye ni dalili. An sa ni na yi alkawari ba zan taɓa faɗa ba, an ce ko Papa kada ya ji. Ni dai ina so wani ya sani ba tsohon ba ne.

Taki,
Orlane

Valcombre, 21 ga Oktoba

Tata Ghislaine,

Ina gaishe ki. Ina fata lafiya ce ta sa na ji shiru. Kullum in na sauko daga motar makaranta ni ke fara buɗe akwatin wasiƙu, har Maman ta fara yi mini wani kallo. Mu lafiya, sai mura da ta kama ni, ta kuma sake ni.

Abin ya ƙara lalacewa. Likitan haƙorin ya kai ƙara. Mai motar burodi ya daina tsayawa a ƙofar Anselme, sai dai ya wuce da gudu. Ran kasuwa Anselme ya shiga kantin Huguette, kowa ya yi tsit. Papa ya ce ya tsaya a tsakiya ya ce, "Ku ci gaba mana, ko sunana ya maƙale muku a wuya?" Ya sha kofinsa a tsaye ya fita. Bayan haka ya aika wa magajin gari takarda cewa daga Janairu ba keken da zai sake taka ƙasarsa, alhali hanyoyinmu uku ta nan suke ratsawa. Kulob zai yi taron shekara ranar 6 ga Disamba, a nan za a ɗaga hannu ko a sa sunan kulob cikin ƙarar.

Akwai wani sabon abu da ban gane ba. Ran Asabar Papa ya tara mu, mu yaran kulob goma sha ɗaya, ya tambaye mu ko tsohon ya taɓa tsayar da wani, ko ya ba shi wani abu, ko ya ce ya ɓoye wata magana. Ya daɗe yana kallona. Ya hana ni bi ta ƙofar gidan tsohon, ko da rana tsaka.

Shekaranjiya na gamu da shi a bakin gada yana kora tumaki. Ya ce, "Sannu, jikar Léonie." Na kasa amsawa. Na sunkuyar da kai na taka keke.

Don Allah ki rubuto, ko layi biyu ne.

Orlane

Daga asibitin bakin kogi, 16 ga Oktoba

Orlane 'yata,

Na gode da wasiƙarki. Kwana goma sha uku ta yi a hanya, ƙarshenta a kwalekwale ta iso, cikin buhun magunguna. Ina lafiya. Zafi ne kawai, da sauro, da jarirai bakwai a mako ɗaya. Ki gaishe mini da mamanki, ki ce wa babanki ya daina hawa dutse da wannan gwiwar, ba yaro ba ne.

Na karanta takardarki sau huɗu. Batun kibiya da haƙoran likita duk mai sauƙi ne, kafaɗa tana ɗoruwa. Layi ɗaya ne ya tsaya mini a rai, inda kika ce an sa ki alkawari, an ce ko Papa kada ya ji. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Duk ranar da yarinya ta ce mini wani babba ya sa ta ɓoye wa iyayenta magana, ba na jira in ji sauran.

Na san Anselme tun ina ƙarama. Ya taɓa bin mu da sanda saboda tuffa uku. Abin da na fahimta shi ne shi ya aike ki, don ya san ke ba mai magana ba ce, yanzu kuma kina ƙoƙarin wanke shi saboda tsoro, ko saboda tausayi. In haka ne, ki sani laifin ba naki ba ne ko kaɗan. Babba ba ya ɗora wa 'yar shekara goma sha uku irin wannan kaya.

Zan gaya miki gaskiya don kada ki ji a bakin wani. Yau da safe na kira babanki Régis ta wayar asibiti. Ban ce masa ke kika juya kibiyar ba, ban ma ce kin rubuto mini ba. Na dai ce na ji labarin abin da ya faru, na tambaye shi ko tsohon yana yawan jan yaran kulob a jiki, na ce ya sa ido a kanki. Ya ce zai duba.

Kada ki ji haushina. Ki rubuto mini komai, tun daga ranar da ya fara yi miki magana.

Tatarki,
Ghislaine

Valcombre, 3 ga Nuwamba

Tata,

Wasiƙarki ta 16 ta iso ran Juma'a, tawa ta biyu kuma na san ta wuce ta a hanya. Ina lafiya. Kowa lafiya. An yi sanyi, an shigar da shanu.

Ba shi ba ne! Bai taɓa aikena ko'ina ba. Duk maganar da ya taɓa yi mini a duniya ba ta wuce sannu ba. Yanzu na gane inda tambayoyin Papa suka fito. Kin san abin da ake faɗa a gari yanzu? Ba a ma maganar waya. Iyaye mata suna jan 'ya'yansu zuwa ɗaya gefen titi in sun hango shi. Papa ya gaya wa mutum ɗaya kawai, wai a asirce, kin kuwa san Papa. Da na karanta takardarki sai da na je ɗakin ajiye keke na zauna.

Mamie Léonie ce ta sa ni alkawarin. Wurin lemar kwaɗinta ne.

Kin san duk lokacin kaka takan dawo da kwando cike da cèpe, lemar kwaɗin nan da ake ci, masu kauri kamar dunƙulen hannu, ba wanda ya san daga ina. Takan fita ta hanyar maƙabarta, ta ajiye motarta a wani ƙauyen, ta rufe kwandon da tsumma. In an tambaye ta sai ta ce, "Can wajen," ta nuna sama. Bara da kaka, wata biyar kafin ta rasu, ta ce in raka ta in riƙe mata kwando don ƙafarta ba ƙarfi. Muka yi ta zagaye. Da muka isa ta zauna a kan dutse tana haki, ta ce, "Duba da kyau, ba zan sake kawo ki ba." Na duba. Tata, ko'ina ne, har ina tsoron inda zan sa ƙafa.

Ta ce uwarta ce ta nuna mata, ita ma uwarta ta nuna mata, mutum ɗaya ake nuna wa. Na ce, "Papa fa?" Ta ce, "Ubanki? In na gaya masa da safe, kafin a ci abincin rana an buga a jarida. Ke na zaɓa don bakinki kamar an ɗinke." Ta sa na tofa yawu a ƙasa na rantse. Ta koya mini yadda ake yankewa da wuƙa, a mayar da ganye a rufe gurbin, a bar ƙananan.

Sai ga Papa ya zana sabuwar hanyarsa ta gefen wurin, taku kaɗan tsakani, bai sani ba. Na ce masa tsohuwar hanyar ta fi daɗi, ya yi dariya ya ce tsoron gangara nake ji. Makon zagayen aka yi ruwa kwana uku, rana ta fito. Na san sun tsiro. Na yi ta tunanin mutum ɗari uku, kowa da wayar da ke riƙe masa duk inda ya bi. Mutum ɗaya ya isa, ya tsaya fitsari ya waiwaya. Mako mai zuwa sai motoci da kwanduna.

Na koma ran Laraba bayan zagayen. An tattake na bakin hanya, wani ya tsinke kaɗan. Babban wurin ba a gan shi ba tukuna.

In na ce ni ce, za a ce don me. Ba wanda aka haifa a nan da ba zai gane abin da jikar Léonie take tsarewa a daji a ƙarshen Satumba ba. Shi ya sa na yi shiru. Amma ban san shirun zai kai haka ba.

Dajin babba ne, hanyar kilomita huɗu ce, ban gaya miki daidai inda yake ba. Ina ganin ban karya alkawarin ba. Ko na karya? Me zan yi? Saura wata ɗaya taron.

Orlane

Daga asibitin bakin kogi, 18 ga Nuwamba

Orlane,

Wasiƙunki biyu tare suka iso. Ina lafiya, sai dai kunya. Ina fata murar ba ta dawo ba.

Na yi kuskure, babba kuwa. Na karanta layi ɗaya na cika sauran da abin da na saba gani a nan. Na sake kiran Régis na ce masa maganar da na yi ba ta da tushe, ya manta da ita. Ya ce to. Amma na ji a muryarsa cewa ta riga ta bar hannunsa. Na rubuta wa Anselme ma, ban san ko zai buɗe ba.

Ashe wurin nan ne. Na yi dariya ni kaɗai da na karanta, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Ke ba ki san wannan ba. Kakarmu 'ya'ya mata biyu gare ta, Léonie da uwata Odette. Léonie aka nuna wa. Uwata ba ta taɓa yafewa ba. Wata shekara da kaka uwata ta bi Léonie a ɓoye, Léonie ta gane, ta yi ta yawo da ita awa uku cikin ruwan sama, ta kai ta juji, ta juyo ta ce, "Ga shi nan, Odette, ɗebi son ranki." Shekara goma sha ɗaya ba su yi wa juna magana ba. Shi ya sa sau biyu kawai kika taɓa ganina. Har uwata ta kwanta ciwon ajali tana cewa ita ta san wajen gada ne.

Kin tambaye ni abin da za ki yi. Ni dai ga nawa: ki faɗi komai. Ki zaunar da babanki ki ce ke ce, ki gaya masa dalili, ki kai shi ya gani. Zai karkatar da hanyarsa, zai yi surutu, mutane za su sani, shi ke nan. Lemar kwaɗi ce fa, Orlane, abin soyawa da ƙwai. Ta riga ta raba 'yan'uwa biyu, ba sai ta haɗa da tsoho da yarinya ba. Léonie ta tafi, ba abin da za ta ji.

Na san za ki ce haushin uwata ne yake magana a bakina. Wataƙila da shi. Ba zan ƙara kiran kowa ba, wannan na yi miki alkawari. Maganar tana hannunki.

Tatarki,
Ghislaine

Valcombre, 4 ga Disamba

Tata Ghislaine,

Na samu wasiƙarki ran Litinin, na gode. Ban ji haushinki ba yanzu. Muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta sauka tun ran Lahadi, an rataye kekuna sai nawa. Maman ta ce in gaishe ki, ta ga hatimin Guyane a ambulan ta ce ashe ina da ƙawa.

Jiya Laraba ba makaranta da rana. Na ce zan je gidan su ƙawata Maud, na tura keke cikin ƙanƙara na hau gidan Monsieur Anselme. Sau biyu na juya daga bakin shinge. Na same shi a garke ya danne wata tunkiya yana yanke mata kofato.

Ya ce, "Ubanki ya san kina nan? Koma, kada a ce na cinye ki."

Na ce, "Ni ce."

"Ke ce me? Ɗaga murya, kunnen nan na ado ne."

"Ni na juya kibiyar."

Bai ɗago ba. Ya gama ƙafar, ya kama wata. Can ya saki tunkiyar, ya goge wuƙar a wando, ya dube ni ya fara ƙirga da yatsu. "Ƙarshen Satumba. Ruwa kwana uku. Jikar Léonie." Sai ya fashe da dariya har da tari. "Tsohuwar mayya! Bessière! Ni kuwa shekara hamsin ina zaton bayan maƙabarta ne."

Na buɗe baki, ban ma san abin da zan ce ba. Ya daka mini tsawa. "Rufe! Kada ki gaya mini. Na tambaye ki? Ni ma ina da nawa, kuma da shi za a binne ni, don ɗana na Lyon daga gwangwani yake cin nasa."

Ya kai ni kicin ya ba ni madara mai zafi. Wasiƙar da kika rubuta masa tana kan tebur, ya ɗora tukunya a kanta, amma an buɗe. Na ce masa zan faɗa a taro. Ya ce, "Ke da wa? Ke da ba kya iya amsa sannu?" Sannan ya daina wasa. Ya ce in na yi magana, kafin ƙanƙara ta narke rabin gari sun shiga dajin da sanduna suna tone ganye. Ya ce, "Bar shi a kaina. Shekarata saba'in da tara. Me za su yi mini? Da can ma ba gaishe ni suke yi ba."

Na ce, "Motar burodi fa?"

"Burodinsa kamar bulo. Ya taimaki haƙorana."

"Jandarma fa?"

"Suna son kofina."

Har na fara jin sauƙi, Tata, ba zan ɓoye miki ba. Na ce a raina ga shi shi da kansa ya yarda. Ina ɗaura hular kwano zan fita sai na ga wasu kwalaye biyu a kan kabad, an naɗe su da jar takarda. Ya ga ina kallo. Ya ce na jikokinsa ne, mata biyu, duk Kirsimeti suke zuwa su yi mako. Ya ce bana matar ɗansa ta bugo ta ce ba za su zo ba, wai hanya ba kyau. Ya ce, "Hanyar nan dai ita ce ta bara." Ya juya yana wanke kofi, kofin da ya riga ya wanke. Ya ce in ja ƙofar da ƙarfi, tana ƙin rufuwa.

Na yi tunanin abin da kika ce, na yi tunanin abin da ya ce. Ke kin ce in faɗi duka, shi ya ce kada in faɗi komai. Ba zan iya kai Papa wurin ba. Na tofa yawu a gaban Mamie, kuma ni kaɗai ta zaɓa. Ki yi haƙuri, na san abin da ya yi wa Tata Odette. Amma alkawarin nawa ne, ba na Monsieur Anselme ba, bai kamata jikokinsa su biya shi ba.

Jibi ne taron, ƙarfe uku, a zauren magajin gari. Akwai takarda a jikin ƙofa inda mai son magana yake rubuta sunansa. Abu uku zan faɗa. Ni na juya kibiyar. Ba wanda ya aike ni, Monsieur Anselme bai san komai ba, bai taɓa ce mini komai ba sai sannu. Ina ba likitan haƙuri. In sun ce don me, zan ce ba zan faɗa ba. In sun sake tambaya, zan sake faɗin haka. Wasu za su gane, su je su yi ta tono, kilomita huɗu ne. Wasu za su ce muguwa ce ni kawai. Ina jin za a cire ni daga kulob, Papa kuma zai kulle keken, ban san har yaushe ba. Fuskarsa a gaban mutane ita ce abin da na fi tsoro.

Ban gaya wa Monsieur Anselme ba, don zai hana ni. Kafin wannan takarda ta iso gare ki an riga an gama, saboda haka ba shawara nake nema ba. Yau da na sauko daga motar makaranta na biya ta zauren, ba kowa a wurin. Sunaye huɗu ne a takardar, na ƙarshe na mai maganar sababbin rigunan kulob. Na rubuta nawa a ƙasansa, da biro.

Taki,
Orlane